Injiniya ne ni, amma Turancin littafin na'ura yana kayar da ni

Assalamu alaikum. Ni injiniyan lantarki ne, shekarata 34, ina aiki da wani kamfanin haɗa sola a Kano. Aikin hannu ba ya ba ni wahala. In ka ba ni farantai da inbata da batir da safe, kafin la'asar gida ya kama wuta. Matsalata karatu ce. Duk sabuwar na'urar da aka kawo da littafinta na Turanci, sai in maimaita shafi ɗaya sau uku ban gane rabinsa ba. A jami'a takardun lakca muka haddace muka wuce. Akwai wani yaro da aka ɗauka bara, bai kai ni sanin aiki ba, amma shi ke karanta wa oga takardu, har saƙon masu kawo mana kaya shi ake tura wa yanzu. A hunturun da ya wuce kontrola, na'urar da ke daidaita cajin batir daga farantai, ta ƙone a gidan wani kwastoma, aka ɗora laifin a kan kayan. Daga baya na gano akwai gargaɗi a kan sanyi a cikin littafin, na karanta shi ban fahimta ba. Ban faɗa wa kowa ba. Na sayi ƙamus na fara hadda daga harafin A, na maƙale a B. Yanzu ina tunanin biyan kuɗin ajin jarrabawar Turanci ta IELTS. Sannan ina son yin rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, wani ya ce in biya shi ya rubuta mini rahoton aikina. Don Allah a ba ni shawara.

Injiniya daga Kano

Wa alaikumus salam, Injiniya.

Fara da mayar da ƙamus ɗin nan kan kanta. Duk wanda ya ɗauki ƙamus da niyyar haddace shi daga farko a B ɗin nan yake tsayawa, in ma ya kai can, domin jerin haruffa aka bi wajen tsara shi, ba yawan amfanin kalma ba. Kalmar da za ka gamu da ita sau ashirin a littafin inbata guda, da wadda har ka yi ritaya ba za ka taɓa gani ba, a shafi ɗaya suke zaune. Ka tunkari Turanci gaba ɗayansa, alhali wanda ya tare maka hanya ɗan yanki ne, kuma an san iyakarsa.

Masu nazarin koyon harshe sun kasa kalmomin littattafan ilimi kashi uku. Akwai na yau da kullum, wajen 2,000, waɗanda wani malami Michael West ya jera tun 1953. Su ne mafi yawan abin da ke kowane shafi, kuma wanda ya ci jarrabawar WAEC ya gama digiri ya san akasarinsu. Akwai kalmomin sana'a zalla, su kuma ka fi yaron nan saninsu, don kullum a hannunka suke: ba ka buƙatar a fassara maka fiyus ko bireka. Ramin yana tsakiya. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ta tace rubuce-rubucen jami'a masu yawa, ta fitar da dangin kalmomi 570 da ke ta maimaituwa a kowane fanni, daga shari'a har kimiyya, kuma su kaɗai sukan cinye kusan kashi 10 cikin 100 na shafi. Irin su "exceed", wato wuce iyaka, da "ensure", tabbatar, da "prior to", kafin, da "adjacent", na kusa da shi, da "sufficient", isasshe. Ba a hira da su a majalisa, ba a kuma koyar da su a ajin lantarki, shi ya sa mutum yake fitowa da digiri bai taɓa tsayawa a kansu ba. Sunan jerin Academic Word List, kyauta yake a intanet, an kasa shi gida goma, kuma gidan farko mai kalmomi 60 shi ne wanda ya fi yawan fitowa. Daga nan ya kamata ka fara, ba daga A ba.

Bari mu buɗe maganar kontrolar nan, domin duk darasin yana cikinta. Mu ɗauka an rubuta a bayan farantin da ka saka cewa Voc ɗinsa 49.5V ne, wato ƙarfin wutar da yake bayarwa idan ba a jona shi da komai ba. Ka jera uku a layi ɗaya, lissafi ya ba ka 148.5V. Kontrolar an ce iyakarta 150V. Ka ga saura ɗaya da rabi, ka ɗaure waya, ka gwada da rana tsaka, komai lafiya. Abin da ba a gani a bayan faranti shi ne, wannan 49.5V an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faranti kuma yana kan zafin digiri 25. A takardar bayanansa akwai wani ɗan layi, "temperature coefficient of Voc", da lamba kamar -0.27% a kowane digiri. Alamar ragewar nan tana nufin zafi na rage ƙarfin, sanyi kuma na ƙara shi. A wata safiyar Janairu a Kano ma'auni yakan sauka kusa da digiri 10. Bambancin digiri 15 ke nan, ka ninka da 0.27, ƙari ya haura kashi 4 cikin 100. Kowane faranti ya koma 51.5V, ukun sun kai 154.5V, kuma ƙarfin yana tashi da zarar gari ya waye, tun kafin rana ta ɗumama gilashin. Gargaɗin da ke littafin ba zai wuce jimla irin wannan ba: "PV open circuit voltage must not exceed 150V at the lowest ambient temperature." Duba da kyau. Manyan kalmomin lantarkin da ke ciki duk ka san su. Waɗanda suka kayar da kai su ne "exceed" da "ambient", yanayin wurin da na'ura take. Kalma biyu. Lissafin kuwa ko a barci aka tashe ka za ka yi shi.

Shi ya sa nake cewa ƙananan kalmomi ne ke ƙona kaya. Hukumomin ISO da IEC, masu tsara ƙa'idojin da masana'antu ke bi, sun ware wa wasu kalmomi ma'ana da ba ta motsi. A takardunsu "shall" wajibi ne, in ka saɓa ka fita daga ƙa'ida. "Should" shawara ce mai ƙarfi. "May" izini ne. "Can" kuwa yiwuwa kawai yake nunawa. Injiniyan da yake karanta huɗun nan da murya ɗaya zai bar wajibi ya riƙe mustahabbi. Haka alamomin gargaɗi: a tsarin da yawancin littattafan na'ura ke bi, "danger" na nufin in ka yi, mutuwa ko mummunan rauni zai biyo baya, "warning" na nufin hakan zai iya faruwa, "caution" rauni ne marar tsanani, "notice" kuma asarar kaya ce ba ta jiki ba. Sai 'yan sandar da ke juya jimla: "unless", sai dai in, "provided that", da sharaɗin, "otherwise", in ba haka ba. Wanda ya fi yaudarar injiniyoyi shi ne "failure to". Ido ya saba ganin "failure" a matsayin lalacewar na'ura, amma idan jimla ta fara da "Failure to ground the unit", cewa ake yi rashin saka wa na'urar wayar ƙasa, kuma abin da ya biyo baya shi ne sakamakon sakacinka. Waɗannan ba su kai talatin ba. Ka rubuta su a kwali ka manna a cikin murfin akwatin kayan aikinka, kuma duk inda ka gan su a littafi ka ja musu layi da jan biro kafin ka karanta sauran jimlar.

Akwai kuma wani abu da yake sa shafi ya yi wa Bahaushe duhu ko da ya san kowace kalma, kuma ba a cika faɗa wa ɗalibai shi ba. Mu a Hausa abin da ake magana a kansa muke fara ambata, bayaninsa ya biyo baya: saitin yanke wutar batir. Bature yana tara bayanin a gaba, ya ɓoye ainihin abin a ƙarshe, kuma marubutan littattafan na'ura sun fi kowa wannan hali, sukan jera suna biyar ko shida ba tare da ko ɗan harafin haɗi ba. Maganinsa, ka karanta irin wannan jeri kamar ajami, daga dama zuwa hagu. Ɗauki "battery low voltage cut-off setting". Daga ƙarshe: saiti ne. Na me? Na yankewa. Yaushe? Idan ƙarfin wuta ya yi ƙasa. Na wa? Na batir. Ka ga ya fito daidai da yadda za ka yi wa yaron shagonka bayani. Gwada da "maximum series fuse rating" da ke kan kowace takardar faranti, ka gwada da cikakken sunan MPPT da ake rubutawa a jikin kontrola, wato "maximum power point tracking". Bayan mako biyu ido zai riƙa tsallakawa ƙarshen jerin da kansa.

Kalmomi masu fuska biyu su ma sai an kula. "Plant" a wurinku masana'anta ce ko tashar wuta, "bank" jerin batira ne, "live" waya ce mai wuta a jiki. Littafin da aka rubuta da Turancin Ingila zai ce "earth", na Amurka ya ce "ground", abu ɗaya ne. "Nominal" na nufin lambar suna kawai: batirin litiyam da ake kira na 48V, idan mai sel 16 ne, 51.2V yake, kuma wannan ka sha gani a mitarka tun kafin ka san kalmar. Wannan ita ce babbar garkuwarka. Ɗalibin da ke koyon Turancin lantarki a aji yana koyon kalma da abin da take nufi a lokaci ɗaya. Kai abin yana hannunka shekara da shekaru, suna kawai za ka liƙa masa.

Yanzu yadda za ka yi karatun. Paul Nation, shi ma na waccan jami'ar ta Wellington, da abokan bincikensa sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kalmomi 98 cikin kowace 100 kafin ya fahimci rubutu cikin sauƙi ba tare da taimako ba. Wasu masu binciken sun sa mafi ƙarancin iyaka a 95. A shafi mai kalmomi 300, wannan na nufin baƙi shida zuwa goma sha biyar. To ka buɗe kowane littafi ka ƙirga. In baƙin da ke shafi sun haura goma sha biyar, ba da shi za ka koyi gudu ba, komai kyansa. Za ka gaji ne ka ce kanka ne ba ya ja.

Don haka karatu biyu za ka riƙa yi, kada ka gauraya su. Na farko na gudu ne: abu mai sauƙi a fanninka, ka karanta ba tsayawa, ba buɗe ƙamus, kalmar da ba ka sani ba ka tsallake ta. Jami'ar Rice ta Amurka tana da shirin OpenStax da ke ba da littattafan karatu kyauta, ka sauke na fiziks ka nufi babin lantarki kai tsaye, inda dokar Ohm da dokokin Kirchhoff suke. Ka riga ka san ƙarshen labarin, saboda haka hankalinka zai tafi kan yadda ake faɗarsa. In shi ma ya yi nauyi da farko, Wikipedia tana da sashe na Turanci mai sauƙi, ka fara da shafukanta na batir da taransfoma. Minti ashirin bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ya fi awa uku na ranar Lahadi da ba za ta taɓa zuwa ba.

Na biyu na tsanaki ne, kuma littattafan na'urorin da ke shagonku su ne allonka. Shafi ɗaya a zama ɗaya, da biro a hannu. Dabarar da na fi yarda da ita a nan ita ce ka ƙuntata karatun: ka tara littattafan inbata huɗu ko biyar na kamfanoni daban-daban, ka karanta babin haɗa batir a cikin kowannensu, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka matsa zuwa wani babi. Na farko zai ci maka rai. Na biyu za ka tarar rabin kalmomin jiya sun dawo. Kafin na biyar kana iya cankar jimlar da ke tafe. Kalma ba ta zama a kai da gani ɗaya, sai an yi ta karo da ita a wurare mabambanta, kuma babu inda zai haɗa ka da kalma ɗaya sau da yawa cikin ɗan lokaci kamar babi guda a littattafai biyar. In da hali ka zauna da na'urar a gabanka, abin da littafi ya ambata ka taɓa shi da yatsa.

Wani abin da zai rage maka zargin kai: wani lokacin littafin ne ba shi da lafiya. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na harkar ƙera farantan sola a ƙasar Sin ake yi, kuma inbatoci da kontrololin da ke kasuwanninmu da yawa daga can suke. Littattafansu fassara ce daga Sinanci, wasu an yi da kyau, wasu kuwa ko Baturen Landan sai ya sosa ƙeya. In jimla ta ƙi ba da ma'ana bayan ka san duk kalmominta, duba zanen da teburin lambobi, sannan ka nemi wannan batun a littafin wani kamfani.

Kalmomin da ka tsinta, ka buɗe musu ƙaramin littafi na aljihu. Kada ka rubuta kalma ita kaɗai da fassararta. Kwafe jimlar da ka same ta a ciki gaba ɗaya, a ƙasa ka rubuta ma'anar da Hausarka, yadda za ka faɗa wa kwastoma. Biyar zuwa takwas a rana sun isa. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farkon kwanaki take faruwa, kuma bita a kan tazara tana rage ta. Ka duba kalmomin yau gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. In lissafin ranakun zai dame ka, manhajar AnkiDroid kyauta ce a wayoyin Android, ita za ta riƙa fito maka da katin da lokacinsa ya yi, kuma tana aiki ba data. Katunan ka rubuta su da kanka daga littattafan shagonku, kada ka sauke na wani.

Ƙamus kuma yana da amfani, na dubawa. Nemi irin wanda aka yi don masu koyo, kamar na Longman, wanda yake bayanin kowace kalma da kalmomi masu sauƙi wajen 2,000, ko na Oxford na masu koyo. Duka ana buɗe su kyauta a waya, har da yadda ake furtawa. Na kalmomin lantarki zalla, hukumar IEC tana da nata a intanet mai suna Electropedia. Manhajojin fassara kuwa, Google Translate ya saka Hausa tun 2013, kuma yana taimakawa wajen gane inda sakin layi ya dosa. Amma ka fara karantawa da kanka, ka yanke abin da ka fahimta, sannan ka duba. Kuma ban yarda ka ɗaure waya a gidan mutane bisa fassarar na'ura ba, domin waɗancan ƙananan kalmomin na wajibi da sharaɗi su ne suka fi saurin salwanta a hanya.

Sai batun yaron nan. Na lura a wasiƙarka ka fi jin zafinsa fiye da kontrolar. Bai ƙwace maka komai ba, Injiniya; makarantar da ya yi ce ta ba shi abin da taka ba ta ba ka ba, kai kuma rufin kwano da zafin Afrilu sun ba ka abin da ba shi da shi. Matambayi ba ya ɓata. Ka kira shi gefe ka ce masa kana son ku riƙa duba littafin kowace sabuwar na'ura tare kafin a fita da ita, kai kuma ka nuna masa yadda ake bin sawun matsala a layi da yadda ake matse kan waya ba ta yi zafi ba. Sharaɗi ɗaya: kai za ka fara karantawa da ƙarfi ka faɗi abin da ka gane, shi ya gyara. In ka bari shi ya karanta ya fassara maka, shekara biyar nan gaba kuna nan yadda kuke. Za ka kuma yi mamakin yawan wuraren da zai karanta jimla tiryan-tiryan amma bai san me take nufi a jikin na'ura ba. Yaro mai hankali girmanka zai ƙara gani. In kuma ya zama mai baki, to ka nemi wani abokin karatun a cikin tsofaffin 'yan ajinku, ku riƙa tura wa juna hoton shafi a WhatsApp.

Maganar da ba za ka so ji ba ita ce ta oga. Shirun nan bai kamata ya kai wani hunturun ba. In ka jera farantai uku a kan irin wannan kontrolar a gida ɗaya, da wuya a ce a nan kaɗai ka yi, kuma sanyi zai dawo a Disamba. Zauna ka lissafo duk wuraren da kuka yi irin wannan haɗin, ka yi wa kowanne lissafin da muka yi a sama da lambobinsa na gaskiya, ka ware waɗanda suka haura iyaka ko suka matso ta. Da wannan takardar za ka shiga ofishinsa: ga abin da na gano ya ƙona ta gidan wane, ga gidajen da ke cikin haɗari, ga gyaran, ko a mayar da layin farantai biyu-biyu ko a sa kontrola mai iyaka mafi girma. Zai iya yin faɗa, haƙƙinsa ne. Amma mai kamfani ya fi son jin wannan daga bakin injiniyansa a Oktoba da ya ji daga bakin kwastomomi biyar a Janairu. Sannan akwai haƙƙi a ciki: in kwastoman ne ya biya kuɗin sabuwar kontrola, ko mai kawo kaya aka sa ya canza ta a matsayin mai aibi, wani ya ɗauki asarar da ba tasa ba, kuma gyara wannan yana wuyanku kai da kamfanin.

IELTS jarrabawa ce ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, ajinta kuma dabarun cin jarrabawa yake koyarwa: rubuta ra'ayi a kan cunkoson birane, sauraron hirar neman ɗakin haya. Ba za a buɗe takardar faranti a ajin ba ko sau ɗaya. Sakamakonta ma shekara biyu ake karɓarsa. In ranar fita waje ta zo ka yi ta. Yanzu kuɗin ka sayi data da firintar shafukan da za ka riƙa ja wa layi.

Rahoton rajista kuwa, kada ka ba kowa ya rubuta maka. Bayan kasancewarsa algus a sana'ar da aka kafa COREN tun 1970 don tsare ta, wayo ne da yake kama mai shi: duk inda aka zaunar da kai gaban manyan injiniyoyi, daga cikin abin da ka miƙa za su ciro tambaya, kuma mutum ba ya iya kare jimlar da ba shi ya gina ta ba. Tsoronka shi ne Turancinka ba shi da ado, to rahoton injiniya ba ya son ado. Masana'antar jiragen sama ta Turai ta gano tun shekarun 1980 cewa makanikai da yawa a duniya ba da Turanci aka haife su ba, kuma kuskuren karatu a jikin jirgi rai yake ci, sai ta tsara wani taƙaitaccen Turanci na littattafan gyara, wanda yanzu ake kira ASD-STE100. Kalmomin da aka amince da su a ciki wajen 900 ne, ban da sunayen kayan aiki, kowace da ma'ana ɗaya. Jimlar umarni ba ta wuce kalma 20, ta bayani ba ta wuce 25. In an iya bayanin gyaran injin jirgi da wannan, za a iya bayanin sola ta asibitin ƙauye da shi.

Ka zaɓi ayyuka uku ko huɗu da ka yi da hannunka. Kowanne ka fara faɗarsa da Hausa ka ɗauka a waya: me aka nema, nawa ne lodin, yaya ka lissafa farantai da batir da kaurin waya, wace matsala ta taso, yaya ka warware. Sannan ka mayar da shi Turanci jimla-jimla, gajeru, kana aron ginin jimlolin da ka kwafe a littafin aljihunka. Ka sa lissafi da zane da hotuna, su za su yi rabin maganar. In ka gama, ka kai wa wani injiniya mai rajista ya duba maka. Gyaran kuskure halal ne, kuma dama za ka buƙaci irinsu su tsaya maka a takardun. Kafin ka fara, ka shiga shafin COREN ko ka je reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE da ke Kano ka karɓi tsarin rahoton da ake nema a yanzu, don kada ka rubuta shafi talatin a kan tsohon tsari.